Kofina a Jikin Ƙugiya

Edinbara, 3 ga Maris

Yayata Ishbel,

Ina gaishe ku duka a can tsibirinmu. Yaya ƙafar Mama? Tumaki sun fara haihuwa?

Ni lafiya lau. Shekara huɗu ke nan da rufe jaridar da nake yi wa aiki, har yanzu ina aiki a tsohuwar mashayar nan da baƙi ke layin ɗaukar hotonta. A ƙarƙashin ƙasa take, ba taga. Akwai ɗumi dai.

A bango an jera ƙugiyoyi, duk wanda ya zama ɗan gida a mashayar da kofinsa. Ba a sauke kofi sai mai shi ya mutu. Jiya dattijo Hector, abokin aikina, ya miƙo mini sabo, da sunana a jiki.

Na ce, "Ai wata shida na zo yi."

Ya ce, "Rufe mana baki, ɗan tsibiri! Ni sati biyu na zo yi, ga shi a nan haƙorana suka ƙare."

Kowa ya yi dariya, har ni. Da hannuna na rataye shi.

Ki aiko mini hoton teku daga ƙofar gidanmu. Ki ce wa Mama ina tafe da bazara. In ta tambayi wace bazara, ki canza magana.

Allah ya sada mu.

Ƙanenki,
Torquil