Garuruwa Uku da Littafin da Ya Jiƙe

Asabar, 9 ga Janairu, 1982

Garuruwan da nake son komawa don zamiya a kan dusar ƙanƙara, na rage su zuwa uku: Telluride, Crested Butte, Jackson. Wata biyu ina laburare ina tonon taswira da mujallu. Ba na son wurin da kujera mai rataye a igiyar ƙarfe ke ɗaukar mutum sama kamar buhun gero. Ina son dutsen da zan hau da ƙafata, katakon zamiya a baya, in sauko inda ba sawun kowa.

Na faɗa wa Yaya Sirajo zan ƙaura, muna cin tuwo. Ya ce, "Garzali, wa ka sani a can?" Na ce shi da ya san kowa a nan Greensboro me ya tsinta, shekara shida yana digiri a kan ƙasar noma bai taɓa taka tudu ba. A gaban matarsa. Anti Ruƙayya ta tashi wai za ta ɗebo ruwa, alhali jug a cike yake.

Shi ya kawo ni ƙasar nan. Bakin nan nawa.

Talata, 12 ga Janairu

Crested Butte ce, ina jin. Dusar ƙanƙararsu kamar garin alkama, in ji mujalla.

Alhamis, 21 ga Janairu

Malam Badaru yana asibiti, ƙirji. Tsohon da ke jan mu sallar Juma'a a falon gidansa. Shi kaɗai ke wanke mana gawa idan ta faɗi. Bara da wani ɗalibi ya rasu ni na zuba masa ruwa, don duk masu digirin nan ba wanda ya yarda ya shiga ɗakin. Daga baya ya ba ni littafinsa na hukuncin jana'iza, na haddace, na yi ta yi musu gori da shi.

Yau ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, kwanakin nan kada ka yi nisa." Haushi na ji. Ni kaɗai ne Musulmi a garin?

Juma'a, 22 ga Janairu

Lonnie, abokin aikina a sito, ya ce dusar ƙanƙara ta sauka a dutsen Roan, da asuba za mu tafi. Yaya ya ce in zauna kusa da waya. Na ce ina da obataim Asabar da Lahadi. Bai ko ɗago ba, ya ce Allah ya taimaka.

Lahadi, 24 ga Janairu

Ban san ta ina zan fara ba.

Malam ya cika jiya da hantsi. Lokacin ina saman Roan. Sai na rubuta gaskiya: ban taɓa jin daɗi irin na jiya ba. Itatuwa fari fat, ba motsin komai sai numfashina. Na karya kwana sau bakwai a jere ban faɗi ba, gwiwa ƙasa yadda na karanta, Lonnie yana ihu. Har kabbara na yi. A daidai lokacin suna buga waya sito, aka ce musu ai yau ba ya aiki.

An binne shi yau bayan azahar. Na iso la'asar sakaliya, katako ɗaure a kan mota, mutane cike da ƙofar gida suna zaman makoki. Kowa ya ga katakon.

Yaya ya ce, "Sannu da hanya. Akwai abinci a kicin."

Da ma marina ya yi.

Litinin, 25 ga Janairu

Ban je aiki ba.

Laraba, 27 ga Janairu

Anti ce ta faɗa mini, ba tambayarta na yi ba. Yaya ne ya yi wa Malam wanka, a ɗakin da masu gidan gawa suka ba su aro. Ya buɗe littafina a kan kujera, yana karanta layi yana komawa. Mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa. Ta ce tun ranar bai ci abin kirki ba.

Na ɗauko littafin. Shafuka huɗu sun kumbura, tawada ta bi ruwa. Ga shatin babban yatsansa.

Asabar, 30 ga Janairu

Yaya ya same ni ina wanke mota. Ya tsaya gefena ya ce, "Ina jin da hagu na fara. Na rikice. Tun ranar nake ta tunani."

Amsa ta zo mini har bakin haƙori, irin tawa. Wa ya hana ka koya tun bara? Na haɗiye ta, ban san yadda aka yi ba. Na ce farawa da dama mustahabbi ne, wanka ya yi. Ya ce, "Ka tabbata?" Na kawo littafin na nuna masa layin. Ya karanta sau biyu, ya zauna a kan matakala ya rufe fuska da hula.

Na so in ce ya yafe mini. Na ce motarsa ma tana son wanki.

Asabar, 6 ga Fabrairu

Mutum huɗu suka zo yau koyon wankan gawa, muka gwada da filo da tsohon zanen gado. Na yi wa ɗaya tsawa sau ɗaya kawai.

Bayan sun tafi Yaya ya ga taswira a kan tebur. "To wanne ne garin naka? Nuna mini." Na naɗe ta Colorado, jihar da Crested Butte take, na jawo ta jiharmu, na ɗora yatsa a kan Boone. Garin da na sha cewa dusarsa kunu ce, dutsensa tudun tururuwa. Na ce ai don aikin yi ne, kuma Roan na kusa, kuma na shekara ɗaya ne kawai kafin in gama ƙwarewa.

Ya ce, "Awa nawa ne daga nan?"

Na ce biyu da 'yan mintoci.

Ya ce, "To."

Har yanzu dusarsu kunu ce.