Ƙanena ya ba ni ƙodarsa, ni kuma na ɓoye masa a ɗaki

Assalamu alaikum ƴan uwa. Admin don Allah a sakaya sunana. Ku taimaka mini da shawara, kwana biyar ke nan na kasa zama wuri ɗaya, a ofis ma sai in buɗe fayil in yi ta kallonsa ban san abin da nake karantawa ba.

Ni magidanci ne, ina aiki a wata ma'aikatar tarayya nan Abuja. Na yi shekara biyu ana mini wankin ƙoda kafin ƙanena, bari in kira shi Sani, ya ce a gwada shi, aka ga tasa ta dace da jikina, ya ba ni ɗaya. Wata takwas ke nan da yin dashen. Tun a asibiti likita ta zaunar da ni da maiɗakina ta yi mana bayani, ta ce a jinin kowa akwai fararen ƙwayoyi da aikinsu farautar duk abin da ba na jiki ba, su ne garkuwar mutum daga cuta, amma ba su san taimako ba, ƙodar Sani ma baƙuwa ce a wurinsu, in an bar su za su kashe ta. Shi ya sa safe da yamma nake shan maganin da ke rage musu ƙarfi. To kun ga ƙodar ta zauna lafiya, amma ciwon da wani zai yi kwana uku ya miƙe, ni yana iya kai ni gadon asibiti. Ta ja kunnenmu sosai a kan masu tari da masu ƙuraje, musamman ƙarambau, tunda ko Hajiyarmu ba ta tuna ko na taɓa yinsa ina yaro ba.

Ranar Asabar da hantsi Sani ya zo daga Mararaba da ƴarsa mai shekara huɗu a kafaɗa. Matarsa ta haihu da safen, yarinyar kuma ƙarambau ya feso mata har fatar kai, ma'aikatan jinya sun ce kada ta kusanci jaririn, shi ne ya kawo ta ta yi kwana biyu a wurinmu. Maiɗakina ta gan su a bakin get, ta dawo ciki tana tambayata yadda za a yi. Wallahi tsoro ne ya kama ni, na tuna injin wankin nan, na ce ta je ta ce masa ba na nan, ta san dabarar da za ta yi. Ta tsaya tana kallona, na sake cewa ta je.

Ta labule nake leƙensu. Ta yi masa bayani a hankali, har ta ce za ta kai yarinyar gidan yayarta a Kubwa, ya ƙi. Motata tana tsakar gida, yana ganinta. Abin da na ji ya faɗa shi ne, "Anti, ki gaishe da Yaya in ya dawo." Ya gyara wa yarinyar hula ya juya.

Tun ranar bai ɗaga wayata ba. Hajiya ta kira daga gida tana faɗa, wai matata ta shiga tsakanina da ɗan uwana, wanda ya yarda aka yanka cikinsa dominmu shi aka tsayar a get kamar mai talla. Ƙannena mata sun cire ta daga guruf ɗin gidanmu. Duk wannan ina ji, na ce wa Hajiya ta yi haƙuri kawai, ban ce ni na aiko ta ba. Na bar su a kan cewa ba na gida.

Ita maiɗakin nawa ba ta yi rigima ba, har yanzu ita ke jera mini magani a ɗan akwati, ita ke tafasa ruwan da nake sha. Jiya ne da tana miƙo mini shayi ta ce, "Zan ɗauki laifin, Abban yara, amma ka sani kai ka ɗora mini." Na karɓi shayin.

Jibi ne suna. Hajiya ta ce lallai in je, matata kuma kada ta taka gidan. Na tambayi likita, ta ce muddin ƙurajen ba su bushe ba kada in shiga, balle cikin taro. In na ƙi zuwa na tabbatar musu da zarginsu, in na je na saka ƙodar da ya ba ni a haɗari, in kuma na fito da gaskiya Sani zai san yayansa yana bayan labule yana kallonsa.

Don Allah masu hankali ku faɗa mini, wa zan fara tunkara, Sani ko Hajiya? Kuma da wane baki zan ce masa ina ciki?