Farar Shamuwa a Kan Tsamiya

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Shamuwa sun iso Roni, sun sauka kan tsamiyar bayan gida. Cikinsu akwai ɗaya fara fat. Na gaya wa 'yata Mu'minat, ko ɗago kai daga tankaɗe ba ta yi ba. Wai, "Baba, balbela ce." Ni da na yi shekara talatin ina malamin daji za a koya wa balbela?

Laraba, 8 ga Mayu
Ban gan ta ba. Sau biyar ina fita. Tuwon ma a tsaye na ci.

Alhamis, 9 ga Mayu
Mu'minat ta sake tayar da zancen likitan ido a Kazaure. Wai shekaranjiya buhunan taki na yi wa sallama a zaure. Yanar ido ce, in ji ta, shi ya sa komai fari-fari nake gani. Na yi mata faɗa fiye da kima. Gaskiya tsoro nake ji, kawuna haka ya fara har ya ƙare da ɗan jagora. In dai tsuntsuwar nan ta tabbata, idona lafiya lau yake.

Asabar, 11 ga Mayu
An ce an ga farar tsuntsuwa a Gwiwa. Na hau acaɓa na je. Tantabarar gidan wani ce. Ciwon baya kawai na samo.

Lahadi, 12 ga Mayu
Kowa na sharar gona, ni ina gindin tsamiya kamar mai duban wata.

Talata, 14 ga Mayu
Alhamdu lillahi! Abokina Daudu makiyayi ya biyo da shanunsa da hantsi, sai ga farar tsuntsuwar ta tashi. Ya ce, "Malam, da balbela na girma. Ita naɗe wuya take yi in ta tashi, wannan kuwa a miƙe yake. Shamuwa ce." Na sa ya maimaita a gaban Mu'minat, har da ɗan tsakina.

Da tsuntsuwar ta sauko ƙaramin reshe, na ce saura a duba ido: in ja ne zabiya ce, in ba ja ba gashin ne kawai ya rasa launi. Ya ce, "To ga ta nan kusa, Malam, duba mana." Na duba. Fari dai, kamar an shanya tsumma. Ban ga ido ba, ko bakin ban gani ba. Na ce rana ce ta kashe mini ido. Rana tana bayanmu. Daudu ya kora shanunsa.

Alhamis, 16 ga Mayu
Ni ne da gaskiya, kowa ya ji. Mu'minat za ta Kazaure ranar Litinin, na ce zan raka ta, hanya ba a bar mace ita kaɗai. Ta ce to kawai, Allah ya yi mata albarka. Shamuwa sai kaka suke tafiya. Ina so in ga idon nan da kaina.