Lissafin Likita da Lissafin Inna

Sharaɗa, Kano
Talata, 8 ga Yuli

Zuwa ga matata Badi'a,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ya nauyin jiki, ya kumburin ƙafar? Ki gaishe mini da Baba da Inna da kyau, ki ce ina yi musu sannu da ɗawainiya.

Kin ce in daina dogon zance a waya, wai Inna na kusa, kuma cikin fari ba abin da za ki tattauna a gabanta ba ne. To na ji, ga takarda. Malam Labaran maƙwabcinmu, mai kai taliya Maigatari duk Laraba, ya ce Gumel a kan hanyarsa take, zai riƙa miƙa miki. Dama ni ma wayar ba ta yi mini rana, sau biyu ke nan barci na kwashe ni kina tsakiyar magana.

Albishirinki, goron kuma ki ajiye mini: an sa hannu a takardar hutuna. Kin san mu likitocin shekarar horo, 'yan kwanakin da ake ba mu ba su taka kara sun karya ba, kuma da zarar an rubuta su a jadawali ba mai gusar da su. Na haɗe nawa duka wuri ɗaya, daga 14 zuwa 27 ga wata. Na ji saƙon Inna, wai a lissafinta haihuwar sai watan Safar ya tsaya ya yi kwanaki. Allah Ya ƙara mata lafiya, amma ni wata uku cur na yi a ɗakin haihuwa, jarirai arba'in da ɗaya na karɓa da hannun nan. Na ƙirga, na sake ƙirgawa, 20 ga Yuli ne. Ki haihu ranar, a yi suna ranar 27, in kamo hanya da yamma. Burina ke nan, Badi'a: in yi wa nawa huɗuba a kunne da bakina, in kuma zauna a kan tabarma ranar da za a raɗa suna.

Aiki kuwa sai godiya. Yanzu ina sashen gaggawa, inda kamfanonin Sharaɗa da Chalawa suke juye mana mutanensu. Wanda inji ya cinye wa yatsa, wanda ruwan jimar fata ya ƙona, wanda buhu ya karya wa baya. Jiya na ɗinke hannu bakwai kafin azahar, abincin rana kuwa sai bayan la'asar, a tsaye. A ɗakin hutawarmu akwai wata tsohuwar talabijin da ta maƙale a tasha ɗaya, fim ɗin Indiya mai fassara take nunawa safe da yamma. Abokin aikina Zakariyya ya san sunan kowa a ciki. Ni dai ban taɓa ganin farko da ƙarshen kashi ɗaya ba, kullum wata mata nake tararwa tana kuka a kan matakala, ban san abin da aka yi mata ba.

Gidan ya yi mini faɗi. Ki ci gaba da shan maganin ƙarin jini, na san halinki.

Naki har kullum,
Musbahu

Sharaɗa, Kano
Talata, 29 ga Yuli

Badi'ata,

Sallama da gaisuwa. Ya jiki, ya motsin mutumin namu mai taurin kai? Ina fata su Baba suna lafiya. Na iso Kano lafiya shekaranjiya, ruwa ya rako mu tun daga Gezawa.

To, hutu ya ƙare, kuma ba sai na faɗa miki yadda ya ƙare ba. Kwana goma sha huɗu ina Gumel, a ɗakin baƙi na gidan Kawu Idrisu, tunda suruki ba ya kwana gidan surukai. In zo gaishe da Baba da safe, in durƙusa a zaure, a turo ki mu yi 'yan mintuna kina sunkuyar da kai kamar ranar da aka kawo ki. Sauran yinin kuwa ni da talabijin ɗin Kawu. Wallahi na ga labaran duniya har na fara tausaya wa masu karantawa. Duk sanda wayata ta yi ƙara sai in miƙe in laluba takalmi, ashe kamfanin layi ne ke tallan waƙa.

Abin da ya fi ci mini rai, ni da bakina nake gaya wa mata a asibiti cewa ɗan fari yakan wuce ranarsa da mako ɗaya, har biyu. Na faɗa ya fi sau ɗari. Da aka zo kaina sai na ɗauki ranar kamar an buga mata hatimi. Ranar da zan taho Inna ta dai leƙa sama ta ce jiya aka ga watan Safar, ta miƙo mini ƙullin dambun nama. Da ta yi mini dariya ma da ya fi mini sauƙi.

Ki saurare ni a nan, ba wasa a ciki. In Juma'a ta zo shiru, ku tafi asibitin da na nuna miki, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. In motsi ya ragu kuwa, ko awa ɗaya kada ku ƙara.

Na tarar da aiki ya taru yana jirana. Wanda ya dawo hutu shi ake lafta wa kwanan aiki, don haka uku ne a kaina cikin makon nan. Babban likitanmu ya dube ni ta saman tabarau ya tambaya mace ce ko namiji, na ce ba ko ɗaya tukuna. Har masu shara sun ji labari.

Mijinki,
Musbahu

Sharaɗa, Kano
Talata, 5 ga Agusta

Zuwa ga mai jego,

Barka, barka, barka da arziki! Alhamdu lillahi. Ya jikin naki, ya ruwan zafi, ya 'yar baƙuwa? Allah Ya raya mana ita, Ya saka wa Inna da alheri. Ki gaya mata na sallama, lissafinta ya fi nawa.

Sanda Baba ya kira ranar Juma'a ina sanye da safar hannu, ina cire ɓarɓashin ƙarfe daga cinyar wani mai walda. Sista Maryam ce ta kara mini wayar a kunne. Na ji mace ce, na ji kina lafiya, na ji Baba ya yi mata huɗuba. Na ce Allah Ya saka, na ci gaba da aikina, hawaye na sauka cikin takunkumi. Mai waldar ya zaci ƙafarsa ce ta lalace, sai da na rantse masa.

Huɗuba ta wuce ni, amma suna ba zai wuce ni ba in Allah Ya so. Zakariyya, Allah Ya yi masa albarka, ya yarda ya riƙe mini aikin Juma'a, babban likita ma ya amince. Zan taso Alhamis da la'asar, in kwana gidan Kawu, da asuba ina kan tabarma. Yaya Abdulwahid zai riga ni da rago da goro. Sunan kuwa yadda muka yi, na mahaifiyata: Halimatu Sa'adiya.

Sai na zo,
Musbahu

Sharaɗa, Kano
Talata, 12 ga Agusta

Badi'a,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da yarinya. Ya gajiyar suna, ya baƙi? Allah Ya sa kowa ya koma gida lafiya.

Kin ji a waya cewa aiki ne ya riƙe ni. Gaskiya ne, amma rabinta ce. Sauran ba zan iya faɗa da baki ba, shi ya sa na zauna rubutu.

Ranar Alhamis jakata tana rataye a kafaɗa, har na yi sallama da Sista Maryam, sai ga a-kori-kura ta shigo a guje daga wani kamfanin fata a Chalawa. Mutum biyar. An tura ɗaya ya yashe ramin da ruwan jima ke taruwa, iskar ciki ta buge shi. Na biyu ya shiga ɗauko shi ya faɗi, na uku ya bi na biyu, haka har biyar, duk 'yan ƙauye ɗaya. Ba wanda ya ce mini in tsaya. Na ajiye jakar a bayan ƙofa ne kawai. Biyu sun rasu, ɗayan a hannuna. Uku Allah Ya yi da sauran kwanansu.

Lokacin da ake raɗa suna ina matsa jakar iskar numfashi a bakin wani bawan Allah da ban ma san sunansa ba. Wannan ban ji kunyarsa ba, ko gobe aka sake haka zan yi.

Amma ƙarfe goma na safiyar Juma'a babban likita ya sallame ni. Ya ce in tafi, zan riski taron mata da azahar, in ga 'yata. Na ɗauki jaka, na shiga ɗakin hutawa don in canza takalmi. Na tuna na zauna a kujera, na tuna na sa ƙafar dama. Badi'a, da na buɗe ido ana kiran la'asar, talabijin na ta surutu, takalmin hagu yana hannuna. Zakariyya ya ce sau biyu yana girgiza ni, na ce masa to. Kiranki goma sha ɗaya na gani. Washegari kuma kwanan aiki nawa ne, ko na tafi ba zan dawo kan lokaci ba, kuma kwana ɗaya ba izini yana iya jawo a ƙara mini wata guda a kan horon. Na zauna a wurin na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar Hajiya mahaifiyata.

Ga abin da ya fi damuna. Da Yaya ya turo hotonta na buɗe shi, na faɗaɗa da yatsa. Kin san me na fara dubawa? Farin idonta, ko ya yi rawaya. Sannan cibiya, sannan launin leɓe. Na ce a raina jaririyar nan lafiyarta ƙalau, har na kai hannu zan mayar da wayar aljihu. Sai a lokacin na tuna 'yata ce. Na sake buɗewa na ga ashe goshinki ne da ita.

Jadawali ya ba ni Lahadi 24 ga wata. Ba zan ce zan zo ba, na daina yanka rana. Ki dai riƙa ce mata tana da uba a Kano. Wanda ya tambaye ki dalilin rashin zuwana, in kin ga dama ki ce aiki ne, in kin ga dama ki faɗi gaskiya, ba zan ji haushi ba. Ke kaɗai nake roƙo ki yafe mini.

Ki shafa mini kanta.

Mijinki,
Musbahu