Wasiƙar Iya tana akwatina har yau

Assalamu alaikum Admin da jama'ar wannan gida. A ɓoye sunana don Allah, sunayen da za ku gani a ciki ma na canza su. Ni dattijuwa ce, na haura sittin, na yi ritaya daga koyarwa, kullum ina karanta matsalolin yara a nan ina ba da shawara kamar wata mai hankali, yau ga shi ni ce na zo da tawa. Don girman Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni.

Tun ina ƙarama Allah ya jarabce ni da son kayan rubutu. Wasu mata atamfa ce ke ɗauke musu hankali, ni kuwa alƙalami da sabon littafi. Har yanzu idan na sayi littafin rubutu sai na buɗe tsakiyarsa na shinshina kafin komai. Da na je aikin Hajji abokan tafiyata sun cika jaka da dogayen riguna, ni na dawo da alƙaluma da kwalaben tawada, har mai gidana ya ce da ya sani da kantin littattafai ya aura ya huta. Jikokina sun san idan suna neman biro kada su taɓa na cikin kabad, waɗannan na kallo ne. Kowa dariya yake yi wa wannan hali nawa, ni ma ina taya su, ba wanda ya san abin da ya taɓa jawowa.

A Ajingi aka haife ni. Shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira ina aji bakwai, mu uku ne kawai mata a ajin. A ƙarshen zango na ci kyautar iya rubutu, hedimasta ya ba ni alƙalami mai shan tawada, baƙi, bakinsa kalar zinariya, da damin takardar wasiƙa shuɗiya da ambulan ɗinta. Kafin nan da tsinken alƙalami muke rubutu, a tsoma a kwalba, ya ɗiga ya ɓata maka shafi. Wallahi sati biyu ban rubuta ko harafi ɗaya a takardar nan ba, fito da ita kawai nake yi na shafa na mayar.

A lokacin kakata, mahaifiyar babanmu da muke kira Iya, tana kwance ba lafiya. 'Ya'yanta maza biyu ne, babanmu da ƙanensa Baffa Sale. Baffa ya yi faɗa da babanmu a kan wata gona, Iya ta goyi bayan babba, ta faɗa wa Baffa magana mai zafi a gaban mutane, ya tattara ya tafi Kano yana ɗinki, shekara uku bai leƙo gida ba. Babanmu kuwa ya hana a ambaci sunansa.

Ranar wata kasuwa, bayan babanmu ya fita, Iya ta kira ni ɗakinta, innata tana zaune. Ta ce, "'Yar boko, ɗauko abin rubutun nan naki da kike ɓoyo kamar kayan aure, yau zai yi amfani." Innata ta ce ai sai a faɗa wa direban motar kasuwa da baki, tunda yana wucewa ta gaban shagon Baffa. Iya ta ce maganar uwa da ɗa ba a ɗora ta a bakin direba. Tana faɗa tana hutawa, ni ina rubutawa. Ta ce a gaya wa Baffa jikinta ya yi nauyi, ta ce abin da ta faɗa masa ranar nan fushi ne ba zuciya ba, ta yafe masa duniya da lahira, shi ma ya yafe mata, ya zo ta gan shi.

To a nan ne shaiɗan ya same ni ta ƙofar da ya sani. Wasiƙar nan ta fito da kyau irin wanda ban taɓa yi ba. Ba ɗigo, ba kankara, layuka a miƙe kamar da rula, tawadar ta zauna a kan shuɗin nan abin sha'awa. Na je har tasha da ambulan a hannu, na ga direban yana karɓar saƙonni yana cusawa a aljihun riga mai baƙin mai, tare da goro da makulli. Na ce a raina yanzu wannan rubutun ne zai shiga aljihun nan? Sai na yanke shawarar na koma gida na kwafa a takardar makaranta na ba shi, ta asalin kuma na ajiye. Na kwafa ɗin. Kafin na dawo mota ta tashi, kuma ba wata sai kasuwa mai zuwa.

Da Iya ta tambaye ni na ce na bayar. Na ce a raina kwana bakwai ne kawai. Kwana biyu na farko duk wanda ya yi sallama sai ta ɗaga kai ta ce, "Sale ne?" A kwana na huɗu ta rasu.

Baffa ya ji rasuwa a bakin 'yan gari, ya zo ranar sadakar uku. Innata, da kyakkyawar niyya, ta riga ta faɗa wa babanmu cewa Iya ta aika da wasiƙa. Babanmu ya tare shi a zaure gaban masu gaisuwa, ya ce uwarka ta kira ka a rubuce ka ƙi zuwa, yanzu me ka zo yi. Baffa ya rantse bai ga takarda ba. Aka kira direba, shi ma ya rantse. Aka kira ni, aka ce kin ba shi ko ba ki ba shi ba, na sunkuyar da kai na ce na ba shi. Wa zai ƙaryata yarinyar da ta ci kyauta a makaranta? Aka ce direban yana rufa wa Baffa asiri ne. Babanmu bai sake hawa motarsa ba har ya mutu. Innata ta yi ta ƙoƙarin faɗa wa Baffa abin da ke cikin wasiƙar, ya ce lallashinsa kawai take yi, in da gaske an rubuta ina takardar. Ya koma Kano a ranar, ko ruwan gidan bai sha ba.

Kwafin na jefa shi a murhu. Ta asalin na kasa. Ina jin kunyar faɗin wannan, amma ba don maganar Iya na kasa ƙona ta ba, don kyan rubutun ne. Da ita na tafi makarantar horon malamai, da ita na yi aure, tana ƙasan akwatin ƙarfe tare da alƙalamin. Shekara talatin da wani abu ina tsayawa gaban yara ina ce musu a riƙe amana.

Babanmu da Baffa sun ɗan shirya daga baya, irin shirin gaisuwar Sallah, amma har babanmu ya rasu bai daina ce masa mai taurin zuciya ba. Innata ta rasu, direban ya rasu. Saura ni da Baffa. Yanzu ya kusa casa'in, idonsa ya tafi, yana Gaya wajen babban ɗansa. Kuma duk cikin dangi ni ya fi so, yana ce min Malama, idan 'ya'yansa suka yi rigima ni ake kira sulhu.

Watan jiya na je duba shi, muna zaune mu biyu sai ya ce, "Malama, ke da kika yi karatu, wanda uwarsa ta mutu tana fushi da shi, yana da rabo kuwa?" Na ce Baffa ai Iya ta yafe maka. Ya yi murmushi ya ce, "Haka innarki ta ce, Allah ya jiƙanta, ba ta son ganin mutum yana kuka." Ya ce kullum bayan salla sai ya roƙi Allah ya sa Iya ta huce. Shekara hamsin. Na ce zan shiga banɗaki, na je na yi kuka na wanke fuska na dawo muka ci gaba da hirar damina.

Na yi tunanin na ce a cikin kayan innata na tsinci wasiƙar, amma wannan ƙarya ce ta biyu, kuma zan ɗora wa matacciya laifina. Na yi tunanin na faɗi gaskiya, sai na tuna yana da hawan jini, kuma 'ya'yansa sun tashi suna jin ana ce wa ubansu wanda ya ƙi uwarsa, ban san da wane ido za su kalle ni ba, ni da 'ya'yana. Ina tsoron ya ce bai yafe ba. Gaskiya ina tsoron kunyar ma. Mai gidana kansa bai sani ba.

Jama'a, yaya zan yi? Na faɗa masa ni da shi kawai, ko na tara 'ya'yansa? Iyalan direban fa, su ma sai na neme su? Malaman da ke cikin nan ku faɗa min abin da ke kaina, kada ku ji nauyin furfurata. Ɗansa ya kira ni shekaranjiya ya ce jikin ya ƙara nauyi, Baffa yana ta tambayata, na ce ina nan zuwa Juma'a.

Ɗazu na fito da ita. Takardar ta ɗan koɗe a gefe, amma tawadar tana nan raɗau, kowane harafi yana karantuwa. Shi kuwa ba ya gani yanzu, ko na kai masa sai dai a karanta masa, kuma ni ce zan karanta.