Lyle Yana Son Komawa Toledo

Toledo, Maris 1988

Ƙanena Lyle,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Jiya na gan ka a talabijin, kai ne mai gadin banki. Kafin in lalubo tabarau har an harbe ka. Mutuwarka ta nawa ke nan? Ni dai na gaji da yi maka makoki.

Tun da mijina ya rasu gidan nan ya yi mini girma, gwiwata kuma ta ƙi hawan bene. 'Yata Doreen ta matsa in sayar in koma wurinta. Ka dawo mu zauna tare mana. Ka cika saba'in, me kuma kake jira a can?

Yayarka,
Marjorie

Los Angeles, Afrilu

Yaya Marjorie,

Ina gaishe ki, ya jikin? Ki yi haƙuri, ba yanzu ba. Na samu aiki a wani sabon shiri, zan riƙa fitowa kowane mako a matsayin likitan ƙauye, kuma wannan karon har suna gare ni: Dakta Whitcomb. Shekara arba'in ina "ɗan sanda na biyu" ko "mutumin bakin ƙofa". A titi mutane kan tsare ni su tambaya ko mun yi makaranta tare. Ki bar ni in ɗanɗana wannan, ko na shekara ɗaya ne.

Ki huta lafiya,
Lyle

Los Angeles, Satumba

Yaya,

Gaisuwa. Na san na yi shiru, kunya ce ta hana ni rubutu. An cire ni. Ranar farko na tsaya gaban kyamara, duk abin da na haddace ya gudu. Suka rubuta mini a kwali suka ɗaga. Na karanta, amma na rasa da wa nake magana. Daraktan, wanda na yi aiki da mahaifinsa a da, ya dafa kafaɗata ya ce, "Baba Lyle, je ka huta, za mu neme ka." Washegari aka ba wani rigar likitan.

Na je asibiti. An ce ciwon mantuwa ne, ba ya warkewa, gaba zai yi ta yi. Makon jiya na ɓata tsakanin gida da kantin burodi. In har yanzu kina so, zan zo tun ina gane hanya.

Ƙanenki,
Lyle

Dayton, Oktoba

Lyle,

Ina gaishe ka. Wasiƙarka ta biyo ni har nan. Na sayar da gidan tun Yuli. Yanzu a ɗakin ɗinkin Doreen nake kwana, gadona kaɗai ya cika shi. Na roƙi mijinta ya bari ka zo, ya ce mutum ɗaya za su iya riƙewa. Na sake roƙo, ya tashi ya fita.

Ka rubuta sunana da lambar wayar gidan nan, ka sa a aljihun kowace riga. Yau za ka yi, kada ka bari sai gobe.

Allah ya tsare ka.

Marjorie