Ɗakin Doyar Mma

Zuwa ga Yaya Muniratu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Mma da yara da duk mutanen Salaga. Yaya ƙafar Mma? Ni nan Bawku lafiya lau, sai dai dokar hana fita da ke korar mu gida da wuri. Kada ku damu, an saba.

Yaya, maganar dawowata ta lalace. Kamfanin hatsin da nake wa aiki sun yi mini alkawarin zan riƙa aiki daga gida da kwamfuta, shi ya sa na roƙi Mma ta ba ni ɗakin ajiyarta in yi ofis. Yanzu manaja ya ce dole in zauna nan har baɗi.

Da na sani da ban yi gaggawar faɗa mata ba. Ranar Juma'a ta kira ni tana dariya, ta ce, “Wadud, na kwashe doyar duka. Zakaria kafinta ya fasa taga, ya kawo tebur. Kujera ce kawai ta rage, ita kai za ka zaɓa.” Na ce mata madalla, na kasa ƙara komai.

Na ji doyar tana tsakar gida ƙarƙashin tamfol, ga damina ta kusa. Don Allah ki sa a mayar da ita ciki kafin ta ruɓe. Ki zauna kusa da Mma in za ki faɗa mata dalili. Ni bakina ba zai iya ba.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanenki,
Wadud